Yini guda a gidan tarihin Jamusawa da ke Nuremberg

Hutun da na yi a kudancin Jamus na kwana tara ne kacal, kuma tun kafin in bar gida na ƙudura cewa zan ware yini guda domin gidan adana kayan tarihi na Germanisches Nationalmuseum da ke birnin Nuremberg, wanda shi ne mafi girma a cikin gidajen da suka keɓanta da tarihin al'adun masu magana da Jamusanci. Ƙanena da ke karatu a jihar Bavariya, wanda kuma shi ne mai masaukina, da ya ji shirin sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan gidan ba a gama shi a yini ɗaya, sai dai ka zaɓi abin da za ka gani ka haƙura da saura." Ban ɗauki maganarsa da nauyi ba, domin ina ganin na saba da irin waɗannan wurare, amma kafin la'asar ƙafafuna sun ba shi gaskiya.

Gidan yana cikin ganuwar tsohon gari, kuma daga babbar tashar jirgin ƙasa tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, don haka babu buƙatar ɗaukar tasi. Kafin mutum ya kai ƙofar shiga sai ya bi ta wani layi da aka jera wa fararen ginshiƙai masu tsawon mita 8, wanda ake kira Titin Haƙƙin Ɗan Adam. Mai fasahar nan Dani Karavan ne ya tsara shi, aka buɗe shi a 1993. Ginshiƙan 27 ne, sai alluna biyu da aka shimfiɗa a ƙasa da bishiya guda, jimilla 30, daidai da adadin sassan sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam, kuma an rubuta kowane sashe da Jamusanci da wani harshe dabam. Wanda ya san cewa a wannan gari ne jam'iyyar Nazi take yin manyan tarukanta, a nan aka shelanta dokokin wariyar launin fata na 1935, a nan kuma aka gurfanar da jagororinta gaban shari'a daga 1945 zuwa 1946, zai fahimci dalilin da ya sa aka tilasta wa duk mai son ganin taskar al'adun Jamusawa ya fara ratsa waɗannan ginshiƙai tukuna.

Wani basarake daga yankin Franken mai suna Hans von und zu Aufsess ne ya kafa gidan a 1852, lokacin da babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, sai masarautu da birane masu cin gashin kansu, domin haɗewar ba ta zo ba sai a 1871. Abin da ya haɗa mutanen a wancan lokaci shi ne harshe, saboda haka aka yi niyyar tara duk abin da masu wannan harshe suka ƙera, suka zana, suka rubuta ko suka yi amfani da shi, ko suna Bavariya ne, ko Ostiriya, ko Suwizalan. Wannan niyya ce ta sa gidan ya bambanta da gidajen zane-zane da na gani a wasu biranen Turai. A nan zanen fitaccen mai zane yana zaune ƙarƙashin rufi ɗaya da akwatin ƙungiyar maƙera, da tulunan kantin magani, da rigar manomi, da kayan wasan yara. Kayan da gidan ya mallaka sun kai kimanin miliyan 1.3, waɗanda aka baje wa masu kallo kuwa kusan 25,000 ne, kuma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙanena bai yi ƙari ba.

Sayen tikiti bai ɗauke mu lokaci ba, muka ajiye jakunkunanmu a akwatunan ajiya, aka ba mu taswirar gidan. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ya zauna ya karanta wannan taswira kafin ya ɗaga ƙafa, domin ni da na yi gaggawa na cusa ta a aljihu, sau biyu ina komawa ɗakin da na baro ba tare da na yi niyya ba. Dalilin yana cikin tarihin ginin kansa. Cibiyarsa tsohon gidan ruhubanawan Kirista ne na ƙarshen ƙarni na 14, wanda aka miƙa wa gidan tarihin a 1857, sannan aka yi ta ƙara masa gine-gine zamani bayan zamani. Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa sashe mai yawa, aka sake ginawa da gilashi da ƙarfe, har zuwa sabon zauren shiga na 1993. Sai mutum ya fito daga ɗaki mai farin bango da hasken lantarki ya tsinci kansa a doguwar baranda ta dutse mai rufin baka, mai sanyi da shiru, wadda ta kewaye tsakar gida, inda ruhubanawan nan suke kai da komo shekaru ɗari shida da suka wuce. Ɓatan hanyar ya ci mini lokaci, amma ban yi da-na-sani ba, domin barandar tana cikin wuraren da suka fi kwanta mini a rai.

Da sashen zamanin da ba a fara rubutu ba muka soma, inda aka ajiye wata doguwar hula ta zinariya mai tsini kamar hasumiya, wadda aka tono a 1953 kusa da ƙauyen Ezelsdorf, ba nisa da Nuremberg. Tsawonta ya kai santimita 88, an ƙera ta ne kimanin shekaru dubu uku da suka wuce, a zamanin tagulla, kuma tun daga gindi har ƙoli an yi mata ado da layuka na da'irori da aka buga da hatimi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa idon a nan ya gaza, domin na kiyasta nauyinta da kilo biyu ko uku, alhali bai wuce giram 300 da 'yan kai ba. Maƙerin ya daki dunƙulen zinariya guda ɗaya har ya koma siriri kamar takarda, ba tare da ɗinki ko like ba. Wanda ya gano ta yana cikin haƙar kututturen itace ne, bai san abin da ya samu ba, ya sassare ta, sai daga baya masana suka harhaɗa gutsattsarin. Irinta huɗu kaɗai aka sani a duniya, kuma wasu masana suna ganin da'irorin nan lissafin watanni ne da shekaru. Na daɗe a gabanta ina tunanin irin haƙurin hannun da ya yi wannan aiki da guduma da wutar gawayi.

Daga nan sai sashen tsakiyar zamani, inda aka fi samun kayan coci, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne littafin Linjila na Echternach, wanda aka rubuta a ƙarni na 11 da tawadar zinariya a kan fata, aka yi masa bango na zinariya da hauren giwa da duwatsu masu daraja. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana yi wa Alƙur'ani rubutun hannu zayyana, yana auna kowane layi yana sauya alƙalami domin jar tawada da rawaya, zai gane irin ƙwazon da ke cikin waɗannan shafuka ko da bai san harafi ɗaya na Latin ba. Kusa da wannan zamani ne kuma na ci karo da abin da ban zaci samu ba a gidan da aka kafa domin al'adun Jamusawa: faifan tagulla na auna taurari, wanda Larabawa suke kira usturlab, ɗauke da rubutun Larabci, aikin Ahmad ibn Muhammad al-Naƙƙash, wanda ya ƙera shi a birnin Saragosa na Andalus a shekara ta 472 bayan Hijira, wato 1079 zuwa 1080. Da irin wannan faifai ake gane sa'o'in dare da rana da lokutan salla. Maƙeran Nuremberg sun yi suna a Turai wajen ƙera kayan awon sama, har masanin taurari Regiomontanus ya koma garin da zama a 1471 saboda su, kuma idan aka dubi nasu faifan aka dubi na Andalus, ba a buƙatar dogon bayani kafin a san inda ilimin ya biyo.

Abin da ya kawo ni gidan tun asali shi ne dunƙulalliyar taswirar duniya ta Martin Behaim, ɗan kasuwa haifaffen Nuremberg, wadda ita ce mafi tsufa irinta da ta rage a duniya. An yi ta ne tsakanin 1492 da 1494 bisa buƙatar majalisar birnin, mai zane Georg Glockendon ya zana ta, kuma faɗinta bai wuce santimita 51 ba. Mutanen lokacin sun kira ta Erdapfel, wato tuffar ƙasa, kalmar da a yau mutanen kudancin Jamus da Ostiriya suke kiran dankalin Turawa da ita. Tana cikin akwatin gilashi a wuri mai ƙarancin haske saboda kare launinta, wanda tsufa ya riga ya dusashe, don haka sai mutum ya matso sosai ya bar idonsa ya saba kafin ƙananan rubuce-rubucen da hotunan sarakuna da jiragen ruwa su fara bayyana. Babu nahiyar Amurka a kanta ko kaɗan. Idan aka bi teku daga Fotugal aka nufi yamma, sai a ci karo da tsibirai, sannan Japan, wadda aka rubuta da sunan Cipangu, sannan gabashin Asiya. Wannan ita ce duniyar da ke cikin kan Columbus, matuƙin jirgin ruwan da ya nufi yamma ya faɗa Amurka, lokacin da ya tashi a 1492, kuma ganin ta a dunƙule ya fi kowane littafi bayyana mini dalilin da ya sa ya rantse cewa Asiya ya isa.

Ni kuwa gefen Afirka na kewaya na tsaya. Behaim ya zauna a Fotugal, kuma labarin gaɓar yammacin Afirka daga matuƙan jiragen Fotugal ya samo shi, shi ya sa bakin tekun yake cike da sunaye da tutocinsu, cikin ƙasa kuwa sai hotunan sarakuna a tantuna da labaran ji-ta-ji-ta. A daidai shekarun da ake shafa wa wannan ƙwallo fenti, Muhammadu Rumfa ne yake sarautar Kano, Shehu Al-Maghili yana ba shi shawara kan tafiyar da mulki, kasuwar Kurmi tana karɓar ayarin fatake daga hamada, amma mai taswirar bai san da wannan ba, domin idonsa yana kan bakin ruwa ne, inda zinariya da barkono suke. Rubuce-rubucen da ke jikinta sun fi kama da bayanin ɗan kasuwa ga abokan jarinsa: ga inda ake samun kayan yaji, ga inda ake samun duwatsu masu daraja. Ta wannan hanya ta teku ce kuma cinikin bayi ya bunƙasa. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kundin muhimman takardun tarihi na duniya a 2023, kuma a ganina ko ita kaɗai mutum ya gani, kuɗin tikitinsa bai tafi a banza ba.

Nuremberg garin fitaccen mai zane Albrecht Dürer ne, a nan aka haife shi a 1471, a nan ya rasu a 1528, kuma gidan yana da zane-zanensa da dama. Manya-manyan su ne hotunan sarakuna biyu, Charlemagne da Sigismund, waɗanda ya zana domin ɗakin da ake ajiye kayan sarautar Daular Roma Mai Tsarki, wadda ƙasashen Jamusawa suke ƙarƙashinta a lokacin, a jajibirin ranar da ake nuna su ga jama'a. Sigismund ne ya damƙa wa birnin amanar kambi da takobi da sauran kayan a 1424, suka zauna a nan har 1796, lokacin da aka gudu da su saboda sojojin Faransa, kuma yanzu suna Viyana. Akwatin azurfa da ake adana tsarkakan kayan daular a ciki, wanda a da ake ratayewa da sarƙa a rufin coci domin kada hannu ya kai gare shi, yana nan a gidan. Duk da haka ƙananan hotuna biyu ne suka fi tsayar da ni. Ɗaya na mahaifiyarsa Barbara ne, wanda ya zana a 1490 yana ɗan shekara 19, tana sanye da jar riga da farin ɗankwali da ya rufe gashinta gaba ɗaya, jelarsa ta sauko kafaɗa, kamar yadda matan aure na garin suke yi a lokacin. Matar nan ta haifi 'ya'ya 18, uku kaɗai suka girma. Ɗayan kuma na malaminsa Michael Wolgemut ne, wanda ya zana a 1516, tsoho mai zurfin ido da jijiyoyin wuya a fili, almajirin bai rage masa tamoji ko ɗaya ba domin ya faranta masa rai.

Akwai wani hali na wannan gida da ya sa na ƙara ganin girmansa, kuma labarin wani ɗan ƙaramin agogo ne ya nuna mini shi. Agogon yana da siffar gwangwani, a cikinsa kuma an rubuta sunan Peter Henlein, maƙerin Nuremberg, tare da shekarar 1510. Fiye da shekara ɗari ana nuna shi a matsayin agogon aljihu mafi tsufa a duniya, abin alfaharin gari da ƙasa. Gidan da kansa ya sa aka yi masa binciken ƙwaƙwaf da na'urori, sakamakon ya nuna cewa rubutun nan daga baya aka ƙara shi, kuma an sassauya kayan cikinsa, sai gidan ya fito ya bayyana wa duniya haka a wani baje koli na 2014, maimakon ya yi shiru ya ci gaba da cin moriyar sunan. Irin binciken da ya ƙwace musu agogo kuwa shi ne ya ba su wani abu a baya. Hoton da mai zanen Holan Rembrandt ya zana na kansa yana matashi, wajen 1629, an daɗe ana ɗaukarsa kwafi ne na wanda ke birnin Hague a Holan, sai bincike a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa na Nuremberg ne na asali. Gidan cibiyar bincike ce a cikin ƙungiyar cibiyoyin bincike na Jamus mai suna Leibniz, yana da ɗakin karatu mai littattafai fiye da rabin miliyan, kuma ana ganin tasirin haka a yadda ake bayanin kaya ba tare da kambamawa ba.

Bayan azahar ƙarfina ya fara raguwa, kuma daga nan kallona ya zama na wucewa. Na tsaya ɗan lokaci gaban jirgin ruwan Schlüsselfelder, kayan adon tebur na azurfa da ruwan zinariya da aka ƙera wajen 1503, mai tsawon kusan santimita 79 daga ƙasa zuwa sama, wanda aka cika da ƙananan mutane fiye da 70, wasu suna hawan igiya, wasu suna riƙe da makamai, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Na ratsa ɗakin sulke da kayan yaƙi, na leƙa babban zauren kayan kiɗa inda tsofaffin fiyano suke jere kamar motoci a tasha, amma gaskiya a wannan lokaci idona yana gani ne kawai, zuciyata ba ta ɗauka. Wannan laifina ne, domin na kashe sa'o'in safe masu kyau ina tsayawa gaban kowane akwati, maimakon in bi shawarar da aka ba ni.

Wanda zai je da iyali ya kamata ya san cewa sashe babba na kayan tsakiyar zamani gumaka ne da hotunan coci, kuma a cikin zane-zanen ƙarni na 16 akwai waɗanda suke nuna jiki ba sutura, kamar yadda aka saba a gidajen tarihin Turai, don haka yana da kyau uba ko uwa su san ɗakunan da za su bi da yara. Wanda bai iya Jamusanci ba zai fi amfana idan ya tafi da wanda ya iya, kamar yadda na ci albarkacin ƙanena wajen karanta tsofaffin rubuce-rubucen da ke jikin kayan. Akwai wurin shan shayi a cikin gidan ga mai son hutawa, amma Musulmi ya yi hattara da abincin da garin ya fi shahara da shi, wato ƙananan tsiran nan na Nuremberg da ake sayarwa uku-uku a cikin burodi, domin da naman alade ake yin su. Gidan ba ya buɗewa ranar Litinin, sauran ranaku kuma daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 6 na yamma, in ban da Laraba da ake ƙara lokaci zuwa dare. Da zan sake tsara tafiyar, Laraba zan zaɓa, in shiga da safe in ga hular zinariya da taswirar Behaim da ɗakunan Dürer, in fita in ci abinci in yi salla in huta, sannan in dawo da yamma domin saura.

Sashen kayan wasan yara yana wani gini dabam a kan layin, kuma a can ne aka ajiye manyan gidajen 'yar tsana na ƙarni na 17, ciki har da na iyalin Stromer na 1639, waɗanda aka ƙera da ɗakin girki da tukwane da gadaje domin koya wa 'yan mata tafiyar da gida. Ƙanena ya yi ta yaba mini su tun safe, amma lokacin da muka fito daga babban ginin an kusa rufewa, kuma ko da ba a kusa ba, ƙafata ba za ta kai ni ba. Muka bi ta tsakanin fararen ginshiƙan nan muka nufi tasha, muka zauna a wani gidan abincin Turkawa da ke kusa, na ciro taswirar da ta yamutse a aljihuna na shimfiɗa ta a kan tebur, ina sa alama da biro a kan ɗakunan da na shiga. Ba su kai rabi ba.